Paul Monaghan: binciken da ya haɗa lafiyar masu tsinkar lemu da tattalin ruwan gida a Florida

Paul Monaghan masanin halayyar al'umma ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi aikin koyarwa da bincike a Sashen Ilimin Noma da Sadarwa na Jami'ar Florida da ke birnin Gainesville. An fi saninsa da ayyuka biyu da suke kamar ba su da dangantaka da juna: kare idanun leburorin da ke tsinkar lemu a gonakin jihar Florida, da rage ɓarnar ruwa a gidajen masu hali da ke ban-ruwan ciyawar ƙofar gida. Abin da ya haɗa su tambaya ɗaya ce: me ya sa mutum zai san abin da ke da amfani gare shi, amma ya ƙi aikatawa? Amsar da bincikensa ya kai gare ta ita ce, sau da yawa ba jahilci ne ke hana mutane ba. Akwai wani cikas na zahiri a rayuwarsu, kuma sai an gano shi an kawar da shi kafin wa'azi ya yi tasiri.

Tushen hanyar binciken

A shekarar 1971 masana biyu, Philip Kotler da Gerald Zaltman, suka wallafa wata maƙala da ke cewa ana iya amfani da dabarun 'yan kasuwa wajen tallata kyawawan ɗabi'u, kamar yadda ake tallata sabulu ko abin sha. Daga baya wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Kanada, Doug McKenzie-Mohr, ya tsara wannan tunani ya mai da shi hanyar aiki a cikin unguwanni da ƙauyuka. Matakanta biyar ne: a zaɓi ɗabi'a guda takamaimai, a binciko abin da ke hana mutane yin ta da abin da zai ja hankalinsu, a tsara dabara, a gwada ta a kan mutane kaɗan, sannan a faɗaɗa ta ana auna sakamako.

Monaghan ya fara amfani da irin wannan hanya a Cibiyar Binciken Rigakafi ta Jami'ar Kudancin Florida da ke birnin Tampa, wadda Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ke ba kuɗi a lokacin. A tsarin cibiyar, ana kafa kwamiti na mutanen da abin ya shafa, su ne kuma ke zaɓar matsalar da za a tunkara. Da ya koma Jami'ar Florida, sai ya shiga tsarin malaman gona, wanda wata doka ta 1914 ta kafa a Amurka domin kai sakamakon binciken jami'o'i ga jama'a. Jami'ar tana da ofishin wannan aiki a kowace ɗaya daga gundumomi 67 na jihar.

Idon mai tsinkar lemu

Da hannu ake tsinkar mafi yawan lemun Florida. Ma'aikaci yana jingina dogon tsani a jikin bishiya, ya kutsa kansa cikin rassa da buhu rataye a kafaɗa, yana cikawa yana saukowa. Akasarin masu wannan aiki baƙi ne daga Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, masu magana da harshen Sifaniyanci. Reshe kan tsokane musu ido, ganye kan karce shi, ƙura da yashi da ragowar maganin feshi kan zuba a ciki. Tabarau na kariya ba shi da tsada, amma kusan babu mai sa shi.

Da aka zauna da ma'aikatan, sai dalilin ya fito fili. Aikin jinga suke yi: yawan lemun da mutum ya tsinka, yawan kuɗinsa. A zafin Florida mai ɗauke da laima, gumi na sa gilashin ya yi dusu-dusu, sai an tsaya an goge, kuma kowace tsayawa ragi ce a kuɗin ranar. Wasu na ganin tabarau zai ƙara musu zafi, ko ya hana su hango lemu a inuwar ganye. Ga mutumin da iyalinsa ke jiran saƙo a wata ƙasa, lissafin ba shi da wuya.

Masu binciken sun ba ma'aikatan samfurori daban-daban su gwada a bakin aiki, su zaɓi wanda ba ya takura musu. Sannan suka ɗauko wata dabara da Linda Forst ta Jami'ar Illinois ta riga ta gwada a gonakin arewacin ƙasar, wato horar da ɗaya daga cikin leburorin ya zama jami'in lafiyar ayarinsu. Shi ma tsinka yake yi kamar kowa, sanye da tabarau, yana wanke wa abokan aiki ido idan abu ya faɗa ciki, yana kuma yi musu bayani da harshensu.

An wallafa sakamakon a 2011 a mujallar American Journal of Public Health. An lura da ayari 13 na masu tsinka, aka sa irin wannan jami'i a cikin tara daga cikinsu, aka ci gaba da bibiya har zuwa mako 15. Ayarin da ke da jami'i sun fi sauran sa tabarau sosai, kuma yawan masu sawa ya riƙa ƙaruwa gwargwadon daɗewar shirin. Waɗanda jami'in ya taɓa taimaka wa da kansa su ne suka fi rungumar abin. Wani muhimmin abu a nan shi ne yadda aka auna: masu binciken sun shiga gonaki sun ƙirga fuskokin da ke sanye da tabarau, ba su dogara ga abin da mutane suka ce suna yi kaɗai ba. Shirin bai kai ga kowa ya sa ba, amma ya nuna cewa ɗabi'ar da ake zaton ba ta sauyuwa tana iya sauyawa idan mai kira abokin aiki ne.

Zafin rana da iyakar wayar da kai

Daga baya Monaghan ya shiga binciken cututtukan da zafin rana ke jawo wa ma'aikatan gona. Wani rahoto da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta fitar a 2008 ya nuna cewa tsakanin 1992 da 2006 ma'aikata 423 ne zafi ya kashe a Amurka, 68 daga cikinsu masu aikin amfanin gona. Idan aka kwatanta da yawansu, mutuwar tasu ta ninka ta sauran ma'aikatan ƙasar kusan sau 20. Maganin sananne ne: shan ruwa akai-akai, hutu, da inuwa. Sai dai cikas ɗin da ya hana sa tabarau shi ne ke hana hutu, domin mai aikin jinga yana ganin minti goma a inuwa asara ce.

A nan ne ake ganin iyakar sauya halin mutum ɗaya ɗaya. Leburan gona ba shi ke tsara lokacin hutu ba, ba shi ke ajiye tankin ruwa kusa da wurin aiki ba. Jihar Kalifoniya ta kafa ƙa'idar kare masu aiki a rana tun 2005. Florida kuwa a 2024 ta yi dokar da ta hana ƙananan hukumominta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata irin waɗannan matakai. Saboda haka abin da bincike zai iya cimmawa ya dogara da haɗin kan masu gonaki da 'yan majalisa.

Ruwan sha a kan ciyawa

Ɗaya ɓangaren aikin ya shafi mutanen da rayuwarsu ta yi nesa da ta leburorin gona. Ƙidayar 2020 ta nuna Florida na da mutum fiye da miliyan 21, kuma mafi yawan ruwan shansu daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. A unguwannin bayan gari, gidaje na da filin ciyawa da na'urar ban-ruwa mai kunna kanta bisa agogo. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na ruwan gidajen ƙasar a waje ake amfani da shi, kuma har rabin wannan kan tafi a banza saboda iska, tururi da malala. A Florida abin da ake zubawa a ciyawa kan kai rabin ruwan gida.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Jihar ta wajabta sa na'urar da ke kashe ban-ruwa idan an yi ruwan sama, mafi yawan hukumomin ruwanta guda biyar na ƙayyade ranakun ban-ruwa, kuma dokar 2009 ta hana ƙungiyoyin masu gidaje haramta shuke-shuken da ba sa shan ruwa da yawa. Duk da haka ɓarnar ba ta tsaya ba. Mai gida da yawa bai san yadda ake saita agogon na'urarsa ba, wani kuma ya bar komai a hannun kamfanin da ke gyara masa fili. Sama da duka akwai idon maƙwabta da tsoron wasiƙar gargaɗi daga ƙungiyar unguwa idan ciyawa ta bushe.

A wata maƙala ta 2013 a mujallar Journal of Extension, Monaghan da abokan aikinsa sun rarraba masu amfani da ruwa rukuni-rukuni bisa matakan tattali da suka ce suna ɗauka, domin malamin gona ya san saƙon da ya dace da kowane rukuni. A 2016 kuma, a mujallar Environmental Management, sun duba tafkunan da ake haƙawa a cikin unguwanni domin tara ruwan sama. Takin zamanin da ake zuba wa ciyawa yana gangarawa cikinsu ya haifar da gansakuka. Masana na ba da shawarar a bar tsirrai a bakin tafki su tace ruwan, amma mazauna sun fi son ciyawa a aske har bakin ruwa, saboda kyan gani da darajar gidajensu. Darasin shi ne, wanda zai yi musu magana sai ya fara daga abin da su suka damu da shi, ya nuna musu tsirran da za su tace ruwa ba tare da ɓata kyan wurin ba.

Abin da aikin ya bari

Ba a ƙirƙiro wata sabuwar na'ura a duk waɗannan ayyuka ba. Tabarau da na'urar kashe ban-ruwa suna kasuwa tun kafin a fara binciken. Gudummawar Monaghan da abokan aikinsa ita ce nuna yadda ake gano dalilin da ya sa ba a amfani da su, da yadda ake tabbatar da cewa an samu sauyi. Ga leburan gona, cikas ɗin tsarin biyan kuɗi ne da zafin rana. Ga mai gida, ƙa'idar unguwa ce da abin da maƙwabta za su ce. A duka biyun, wanda ya fi iya shawo kan mutum shi ne na kusa da shi, mai fama da irin abin da yake fama da shi. Malaman gona da jami'an lafiya a ko'ina, har da masu kira ga manoman Najeriya da su sa safar hannu da takunkumi lokacin feshi, za su iya amfani da tambayar da aka fara da ita a gonakin lemun Florida: me ke hana wannan mutum, a wannan aiki, yin abin da ya riga ya sani?