Daga Gafaka Zuwa Na'urar Karatu: Tarihin Littafi a Zangon Wagadugu

Kwanakin baya wani matashi ya zo zauren dattijonmu da tambaya. Ya tara 'yan kuɗi, yana so ya sani: ya sayi na'urar nan ta karatu irin Kindle, ko ya ci gaba da sayen littattafan takarda? Dattijo ya yi murmushi, ya ce wannan tambaya ta girmi mai yin ta. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi yadda littafi ya iso wannan zango, domin amsar tana cikin tarihin.

Kakanninmu fatake ne. Sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato suna bin hanyar goro zuwa Gwanja, wasu suka yada zango a ƙasar Mosi har suka zauna. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake da malamai suka warwatsu, zanguna suka ƙara cika. A cikin ayari ba a rasa malami, kuma littafinsa rubutun hannu ne, warƙa-warƙa ba ɗinki, a tsakanin bango biyu cikin gafaka. Takardar kanta baƙuwa ce, daga Italiya take ketaro Sahara ta Tarabulus, da tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Saboda tsadarta, wanda yake son Risala ko Ishiriniya sai ya ara ya kwafa da hannunsa, ya rubuta fassarar malaminsa da ajami a gefen shafi. A wancan zamani mallakar littafi da karanta shi abu guda ne.

Sai ɗab'i ya zo. Alhazai suka riƙa dawowa da bugun Misira, 'yan kasuwa suka kawo Ahalari da Ishmawi da Iziyya bugun Kano a kan takarda mai araha. A ɓangaren boko kuma, gasar rubutu ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. Mu da muka tashi ƙarƙashin mulkin Faransa ba a koya mana Hausar boko a makaranta ba, sai a hannun 'yan'uwa masu zuwa Najeriya. Mun ji daga manyanmu cewa wasu malamai sun ƙi bugaggen littafi da farko, suna ganin ilimin da bai ratsa yatsun ɗalibi ba ba zai zauna a ƙirjinsa ba. Sun yi gaskiya a wani ɓangare, domin masu kyan rubutun hannu sun ragu. Amma ɗan talaka ya mallaki abin da a da sai gidan malamai.

Abubuwa biyu suka nuna mana raunin takarda. Na farko shi ne rusa tsohuwar unguwarmu ta Zangouettin a 2003, ƙarƙashin shirin ZACA, lokacin da aka mayar da mutane Ouaga 2000 da Nioko. A wajen kwashe kaya an fara da katifa da tukunya, littattafai suka bi cikin buhuna, warƙoƙi suka cakuɗe, wasu 'yan gado suka raba kundi guda gida uku. Na biyu shi ne ambaliyar 1 ga Satumba 2009, wadda ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a Wagadugu, ta shiga har ma'ajiyar finafinan FESPACO. Tawadar da aka dafa a gida ba ta jure ruwa. Abin da gara ta bari shekara ɗari, ruwan safiya ɗaya ya wanke.

Wanda ya ga haka ba zai raina na'urar karatu ba. Kamfanin Amazon ya fitar da Kindle a 2007. Tana ɗaukar littattafai dubbai a nauyin da bai kai na Muhtasar guda ba. Fuskarta ba ta ƙyalli a rana kamar ta waya, caji ɗaya yana kai makonni, abin da yake da amfani a watannin zafi da ake yawan ɗauke wuta. Dattijon da idonsa ya yi rauni yana iya ƙara girman haruffa. Da fataken da suka ga wannan, da sun ce gafaka ce ta samu.

Sai dai akwai abin dubawa. Littattafan da muke karantawa a zaure, da waƙoƙin ajami, da yawancin ƙagaggun labaran Kano, ba su cika a kantin na'urar ba, kuma saye a can yana bukatar katin banki. Abin da ke yawo a hannunmu hoton shafuka ne na PDF, wanda a ƙaramar fuska wasullan Larabci suke zama kamar tururuwa, wayar da ke aljihu ma tana buɗe shi. Sa'an nan abin da ka saya izinin karatu ne kawai. A 2009 Amazon ya goge wani littafin George Orwell daga na'urorin mutanen da suka riga suka biya. Littafin takarda kuwa ana ara, ana bayar da shi wakafi a masallaci, ana rabon gado da shi, jika ya buɗe ya tarar da rubutun kakansa a gefe. Idan na'ura ta faɗi ta fashe, mai gyaranta yana da wuyar samu a kasuwanninmu.

Ga abin da dattijo ya yanke, mu kuma muka rubuta. Ɗalibin jami'a mai karanta Faransanci ko Larabcin zamani da yawa, ko ɗan kasuwa mai yawan tafiya, na'urar za ta biya kuɗinta. Wanda karatunsa littafi biyar ne ko goma da zai zauna da su gaban malami shekaru, ya sayi na takarda, ya rubuta a gefensu. Shi kuwa matashin, da aka bincika sai aka ji akwai akwatin kakansa da ba a buɗe ba tun ƙaura. Aka ce ya fara da wannan: ya jera warƙoƙin a gaban malami, ya ɗauki hoton kowace da wayarsa, ya aika wa dangi a Kumasi da Yamai da Kano, domin kada kwafi ya zauna a ɗaki guda. Muna kira ga duk gidan da ke da irin wannan akwati ya yi haka kafin damina ta sauka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya amfanar da mu abin da suka bari.