WA KE DA IKO DA GONA? TARIHIN DOKOKI DA HUKUMA A TAWA DA AREWACIN ADAR



A taronmu na bayan salla, wani dattijo ya kawo ƙarar gonar ɗansa. Yaron ya shekara 9 a Abijan, ya bar gona aro a hannun maƙwabci, yanzu maƙwabci ya ce tasa ce. Kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, amma da aka ce wace doka ta yi magana, kuma gaban wa za a kai ƙara, sai zaure ya yi tsit. Saboda haka aka ɗora mini in bincika. Ga abin da na samo.

Na bi hanya uku. Na farko bakin tsofaffi, domin su suka san iyaka, su suka san wanda ya fara saran daji. Na biyu ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai, inda rahotannin kumandodin Faransa da takardun ƙidayarsu suke. Na uku jaridar hukuma, wadda ake buga kowace doka a ciki da lambarta da ranarta. Wanda ke son labarin Adar kafin zuwan Turawa, sai ya nemi littafin Farfesa Jibo Hamani na 1975. Amma a lura: kumanda ya rubuta abin da tafinta ya gaya masa, tsoho kuma yana faɗin abin da ya gada daga gidansu. Sai an gwama biyun gaskiya ke fitowa.

A zamanin Faransa Tawa mazaunin kumanda ce. Shi ke tabbatar da sarkin kanto, sarki ya bi ta kan masu gari ya tara lanho da mutanen aikin dole. Kumanda na iya ɗaure mutum ba shari'a. A 1946 aka soke wannan iko, kuma dokar 11 ga Afrilu ta wannan shekara, mai sunan Hufuwet Bwanyi, ta hana aikin dole. Daga nan siyasa ta shigo ƙauyuka. Tsofaffinmu na tuna RDA da Sawaba ta Jibo Bakari, da ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, da yadda aka haramta Sawaba a 1959. Tun lokacin ne rigimar gona ta fara ɗaukar launin jam'iyya.

Bayan 'yancin kai na 1960, dokoki uku suka taɓa gonakinmu kai tsaye.

Ta farko ita ce doka mai lamba 61-05 ta 26 ga Mayu 1961. Ta ja layi daga yamma zuwa gabas, ta ce arewa da shi ƙasar kiwo ce, kada a buɗe sabuwar gonar damina. Layin ya ratsa jiharmu arewa da Tawa. Dokar ta ce in bisashe sun yi ɓarna a gonar da aka yi bayan layi, babu diyya. To amma jama'a ta ƙaru, ƙasa ta gaji, ga fari na 1973 da na 1984. Manoma da yawa suka hau arewa wajen Abalak suka yi gonaki. Mutum zai shekara 30 yana noma wuri, ya ɗauka ya mallaka, alhali takarda ba ta san shi ba. Dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da wannan layi.

Ta biyu jawabi ce, amma ta yi aiki kamar doka. Ran 18 ga Disamba 1974, wata takwas bayan ya karɓi mulki, Seyni Kunce ya ce duk wanda ke noma gona, ko ta wace hanya ya same ta, ta zauna hannunsa. Nufinsa talaka ya huta da masu manyan filaye. Amma ku duba abin da ya biyo baya a ƙasa irin tamu, inda kusan kowane gida ke da ɗan ci-rani. Mai aro ya riƙe gona ya ce shugaba ya ba shi. Mai gona ya ji tsoron bada aro. Har yau in ka tono tsohuwar rigima, sau da yawa za ka tarar da wannan jawabi a gindinta.

Ta uku ita ce dokar karkara, mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993. Ita ce ta ce mallakar gargajiya, ta gado ko ta saran daji, mallaka ce cikakkiya kamar ta takarda. Ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake ce wa kofo. Akwai na ƙauye, mai gari ke shugabantarsa, akwai na ƙaramar hukuma, akwai na gunduma. Su ke bada takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina. In rigima ta tashi, sarakuna ke fara sulhu su rubuta takarda. In sulhu ya ƙi, sai alƙali.

Ita kuwa hukumar gari, ta sha sauyi. Dokar 17 ga Yuli 1964 ta raba ƙasa jihohi 7, Tawa ta zama babban birnin ɗaya. Shekaru da yawa daga Yamai ake naɗo masu riƙon gari. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairu 1999, aka soke sakamako da yawa, rikici ya biyo baya. Sai ran 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi 265, har da Kalfu, Barmu, Afala, Bambai, Takanamat da Tebaram. A 2010 Tawa ta sami matsayin birni mai yankuna 2. An sake zaɓe a 2011 da 2020. A Afrilu 2024 sojoji suka rushe majalisun, suka naɗa wakilai masu riƙo.

Abin da na koya ke nan: mai kujera yana sauyawa, daga kumanda zuwa farfe, daga zaɓaɓɓe zuwa naɗaɗɗe, amma littafin rajista yana nan. Wanda sunansa ke ciki yana da abin nunawa gaban kowa ya hau. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, to kada gona ma ta bar shi.

Don haka ina roƙon kowane ɗan ci-rani, kafin ya koma, ya je wurin mai gari da shaidu a rubuta aron da ya bayar, a ce aro ne. Ina roƙon dattijai kuma su zaga iyakoki da samari tun suna da ƙafa, mu rubuta abin da suka nuna. Maganar gonar ɗan dattijo kuwa, an shirya zama a ƙofar mai gari bayan girbi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo matafiyanmu gida lafiya, amin.