Tsofaffin Gidajen Atrani a Hannun Escher

Sunan Maurits Cornelis Escher (1898–1972) ya fi tafiya da zanen matakalar da ba ta ƙarewa da tsuntsayen da ke rikiɗa su koma kifaye. Kafin wannan shahara, ɗan Holand ɗin ya zauna a birnin Rum daga tsakiyar shekarun 1920 har 1935. Idan bazara ta yi sai ya shiga ƙauyukan kudancin Italiya da littafin zane, idan sanyi ya kama ya koma gida ya mayar da abin da ya kwaso zuwa dutse ko katako don bugawa. Cikin garuruwan nan, babu wanda ya riƙe shi kamar Atrani.

Atrani ɗan ƙaramin gari ne a gaɓar Bahar Rum, dab da Amalfi, faɗinsa bai kai kwata na murabba'in kilomita ba. Duwatsu sun matse shi ta gefe biyu a bakin rafin Dragone, saboda haka gini bai da inda zai je sai sama: rufin wannan iyali shi ne farfajiyar wancan, hanya kuma matakala ce da ke kutsawa ƙarƙashin ɗakunan mutane. Iskar gishiri na cin yaɓen bango shekara da shekaru.

A 1931 Escher ya fitar da bugu uku na garin. Biyu a kan dutse, wato litogiraf: ɗaya na garin daga nesa da cocin Santa Maria Maddalena a bisa teku, ɗaya na gidajen da suka tsufa suka lalace. Na uku, wani rufaffen lungu, a katako ya sassaƙa shi. Wannan rabon aiki shi ne abin lura. Litogiraf, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 18, ya dogara ne da gabar da ke tsakanin mai da ruwa: a yi zane da alli mai maiƙo a kan dutsen farar ƙasa, a jiƙa dutsen, tawada ta kama inda mai yake kaɗai. Fuskar dutsen tana da ɗan kaushi, don haka alli yana barin toka-toka iri-iri, daga mai haske zuwa mai duhu. Bangon da yaɓensa ya ɓare, damshi ya yi masa tabo, ba shi da iyaka tsayayya tsakanin fari da baƙi, kuma irin wannan dushewar dutse ne ya fi iya ɗauka. Katako kuwa yanke hukunci yake yi, inda wuƙa ta bi fari, inda ta bari baƙi. Lungu mai duhu da haske ke faɗowa cikinsa shi ya dace da shi.

Masu nazari sukan ɗauki waɗannan ayyuka a matsayin share fage ga gine-ginen ruɗar ido da ya yi daga baya. Akwai gaskiya a ciki, amma an rage musu daraja. Duba abin da ya sami Atrani bayan Escher ya bar Italiya a 1935 don mulkin Mussolini ya ishe shi, ya kuma sake ziyartar fadar Alhambra a Sifen a 1936 ya kwafi adon bangonta. A bugunsa mai suna Metamorphosis I na 1937 garin ya dawo, amma gidajensa suna narkewa su zama akwatuna masu kusurwa daidai. A Metamorphosis II, na 1939 zuwa 1940, akwatunan ne ke haifar garin, gada ta haɗa shi da wata hasumiya a teku wadda ashe ɗaya ce daga cikin kayan wasan ches. Fasalin ya tsira, tsufan ya tafi. Abin da ya sa bugun 1931 ya fi nauyi a wurina ke nan: a can gini yana da shekaru, an zauna cikinsa, an kasa gyara shi.

Duk da haka akwai abin tuhuma. Mazauna gidajen kusan ba sa cikin lissafin Escher, alhali rashin kuɗin yaɓe ne ya samar da kyan da ya burge shi. Kudancin Italiya a wancan zamani yanki ne da talauci ya kori miliyoyin mutanensa zuwa Amurka da Ajantina. Baƙon da ya zo daga arewa da fensir ya ga haske da inuwa a bangon da mai gida ke kallo yana tunanin ruwan da zai shigo masa da hunturu.