Yadda Aka Koyi Ciyar da Ƙwayoyin Ƙasa Don Su Cinye Guba

Manomin Farin Dutse ko na Birnin Kudu da ke kai takin shanu gona kafin damina ya san cewa ƙasa tana narkar da abin da aka ba ta. Masu wannan aiki ƙwayoyin bakteriya ne, waɗanda ido ba ya gani. Tunanin a sa su cinye dattin masana'antu kuwa bai daɗe ba, kuma tilas ce ta haife shi.

Tun daga shekarun 1920 masana'antun Turai da Amurka suka rungumi wani sinadari mai suna TCE wajen wanke maiƙo daga jikin ƙarfe, daga baya kuma ɗan'uwansa PCE wajen wankin tufafi ba da ruwa ba. Idan an gama, sai a tuttular da sauran a rami ko a bayan gini. Waɗannan sinadarai sun fi ruwa nauyi, don haka sukan nutse su wuce ruwan rijiya, su kwanta a can ƙasa suna sakin guba kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. A 1979 aka rufe rijiyoyi biyu a garin Woburn na jihar Massachusetts bayan an sami TCE a cikinsu, a garin da yara ke kamuwa da sankarar jini fiye da kima. Maganin da aka sani a lokacin shi ne a zuƙo ruwan da famfo, a tace. Aka yi ta zuƙa, kuɗi na tafiya, guba na nan.

A ɓangaren man fetur an riga an ga haske. A 1972, bayan bututun mai ya fashe a Ambler ta jihar Pennsylvania, Richard Raymond ya tura iska da sinadaran taki cikin ƙasar, ƙwayoyin da ke wurin suka yawaita suka kama cin man. An maimaita dabarar a gaɓar tekun Alaska a 1989, bayan jirgin dakon mai Exxon Valdez ya yi ɓari.

TCE ya ƙi wannan hanya. Akwai sinadarin kulorin a jikinsa, kuma yawancin ƙwayoyi ba sa taɓa shi inda iska take. A inda babu iska wasu sukan fara ɓalle kulorin ɗin, amma su tsaya a tsakiya, su bar wani abu da ake kira binil kulorayid, mai jawo sankarar hanta, wanda ya fi na farkon haɗari. A ganina nan ne labarin ya fi nauyi: rabin gyara a wannan fage ya fi rashin gyara muni, kuma ba a gane hakan sai an auna.

A 1989 David Freedman da James Gossett na Jami'ar Cornell suka nuna cewa akwai ƙwayoyin da ke kai aikin ƙarshe, su mayar da gubar iskar etilin, irin wadda ayaba da mangwaro ke fitarwa in za su nuna. Sai a 1997 aka ware ƙwayar ita kaɗai, aka sa mata suna Dehalococcoides. Asalinta daga taɓon matatar ruwan bahaya ne. Yadda mu muke shaƙar iska, haka ita take numfashi da wannan guba. Yau injiniyoyi sukan haƙa ƙananan rijiyoyi, su zuba man girki ko ragowar ruwan rake daga masana'antar sukari. Wasu ƙwayoyi su ruɓar da shi su samar da iskar haidirojin, Dehalococcoides kuma ta yi amfani da ita ta gama aiki. Inda babu ita a ƙasar, sai a kawo ta daga ɗakin gwaji. Aikin yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru.

A Najeriya dabarar ta fi fitowa fili a ƙasar Ogoni. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30, aka ƙaddamar da aikin a 2016, kuma ciyar da ƙwayoyin ƙasa na cikin hanyoyin da ake bi.

Mu a nan Arewa damuwarmu tana unguwannin masana'antu na Kano: Bompai, Sharaɗa da Challawa. Ruwan Bompai yana gangarawa Jakara, inda masu lambu ke ban-ruwa, na Challawa kuma yana haɗuwa da kogin Kano ya bi ta Wudil da Ringim har Haɗeja. Wanda ke Jigawa ba zai ce abin na Kanawa ne kaɗai ba. Sai dai babbar gubar masana'antun fata ita ce kuromiyam, shi kuma ƙarfe ne: ƙwayoyi na iya sauya shi zuwa nau'in da bai kai na farko illa ba, amma ba za su ɓatar da shi ba. Haka dalma take. Da gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, babu ƙwayar da aka kira. Kankare ƙasar tsakar gida aka yi da shebur, gida-gida, aka binne ta nesa, aka shimfiɗa sabuwa, kuma garin Bagega sai da ya jira har 2013 kafin aikin ya iso shi.