Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa: Shekara Hamsin Na Ƙaratowa

Wanda ya baro birnin Kano ta hanyar Katsina, da zarar ya isa Dawanau, inda manyan motoci ke lodin gero da wake da riɗi, ya taka ƙasar Dawakin Tofa. Daga nan sai gonaki, kore shar da damina, kara da ƙura da rani. Garin kansa ba wani babba ba ne, ko da yake yana da tsohon matsayi a masarauta, domin Madakin Kano, na gidan Yolawa, shi ne hakiminsa. Amma abin da ya kai sunan Dawakin Tofa asibitoci da jami'o'i, har ƙasashen waje, makaranta ce.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, jama'a ga su nan kamar ƙasa, amma likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar ana iya ƙirga su da yatsu. Kuɗin man fetur ya zo, ana ta gina asibitoci da madatsun ruwa, sai an nemo masu riƙe su daga wasu wurare. Wannan ya dami wasu 'yan kishi a gwamnatin Kanar Sani Bello, cikinsu har da Dakta Ibrahim Ayagi, Allah Ya jiƙansa. Suka ce a zaƙulo yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, a keɓe su, a ba su malamai da kayan aiki. A 1977 aka kafa hukumar makarantun kimiyya, aka fara da biyu: Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. An yi ta ƙorafi cewa za a fifita wasu yara a kan wasu. Masu ƙorafin ba su da mugun nufi, sai dai ƙofar shiga ɗaya ce ga ɗan sarki da ɗan talaka, wato jarrabawa.

Shekarun farkon nan su ne abin tunawa. Yaro ya gama aji biyu a wata sakandare, ya ci jarrabawar, ya sauka daga mota da akwatin ƙarfe, mahaifiyarsa ta cusa masa ƙuli-ƙuli da garin kwaki a ƙullin leda. Bayan 'yan makonni sai ka gan shi a ɗakin gwaje-gwaje, ya runtse ido ɗaya a kan madubin ƙara girman abu, yana kallon fatar albasa ta zama ɗakuna-ɗakuna. Wanda ya taɓa ganin wannan ba ya mantawa. Nisan da garin ya yi da hayaniyar birni ma ya taimaka. In dare ya yi, babu abin yi sai littafi. Rukunin farko ya fita a 1980, kuma sakamakonsu ya rufe bakin masu shakka, har aka buɗe makarantar kimiyya ta 'yan mata a Taura a 1981.

An sha wuya bayan faɗuwar darajar naira a tsakiyar shekarun 1980, kayan gwaji suka yi tsada, gine-gine suka tsufa. Guguwar ba ta bar kowace makaranta a ƙasar nan ba, amma ta Dawakin Tofa ba ta daina yaye ɗalibai ba. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantun kimiyya, KASSOSA, ta tara likitoci da farfesoshi da injiniyoyi waɗanda da yawansu 'ya'yan manoma ne.

A 2027 makarantar za ta cika shekara hamsin, kuma buƙatar da ta haife ta tana nan, ga likitocinmu na ta ficewa ƙasashen waje. Kirana ga gwamnati da masu hannu da shuni, musamman ku da kuka sha ruwan Dawakin Tofa: kada ku jira ranar biki. Ku je yanzu, ku shiga ɗakunan gwaje-gwaje da ɗakunan kwana, ku tambayi shugaban makaranta abin da ya rage, kowa ya ɗauki nasa.