Shin rage haraji na ƙara wa gwamnati kuɗin shiga?

Masana tattalin arziki sun daɗe suna muhawara kan ko sassauta haraji na rage abin da ke shiga baitulmali, ko kuwa ƙara shi yake yi.

Tun a ƙarni na 14, malamin tarihi Ibn Khaldun ya bayyana a littafinsa Muƙaddima cewa daula kan tara dukiya da haraji mai sauƙi a farkonta, amma idan ta tsawwala wa jama'a sai sana'o'i su durƙushe, abin da take samu ya ragu.

A 1974 wani Ba'amurke, Arthur Laffer, ya farfaɗo da wannan ra'ayi. A 1981 shugaba Ronald Reagan ya rage harajin masu samu mafi yawa daga kashi 70 zuwa 50 cikin ɗari. Sai dai bashin gwamnatin Amurka ya kusa ninkawa uku a shekaru takwas na mulkinsa.

Jangali

A arewacin Najeriya, batun ya fi fitowa fili a kan haraji da jangali. Idan jangali ya yi nauyi, makiyaya kan ɓoye shanu ko su yi ƙaura, masu karɓa su dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, suka soke harajin biyu. A lokacin Batsari da Safana, masu maƙwabtaka da dajin Rugu, na cikin jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro jihar Katsina.

Magoya bayan matakin sun ce ya ceci talaka daga zaluncin masu karɓa. Masu suka kuwa na ganin ya sa ƙananan hukumomi sun ƙara dogaro da kason da ke zuwa daga gwamnatin tarayya.

Sabuwar doka

Dokar harajin da shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta yafe wa duk wanda samunsa bai wuce naira dubu 800 a shekara ba.

Akasarin masana na ganin rage haraji kan ƙara kuɗin shiga ne kawai idan nauyinsa ya kai jama'a na guje masa. In ba haka ba, giɓi ake samu, wanda sai an cike shi da bashi ko a rage ayyukan raya ƙasa.