Daga Santambul Zuwa Paris a Jirgin Ƙasa: Iyaka Nawa Ce a Gaba?

A shirin wannan makon an taɓo zancen 'yan kasuwarmu masu zuwa Santambul sarin kaya, har tambaya ta taso: wanda ya isa can, zai iya hawa jirgin ƙasa ya zarce Paris? E, zai iya. Amma fa sai ya sauka ya sake hawa sau da yawa, ya yanki tikiti wajen kamfanoni daban-daban, ya yi kwana uku ko fiye a hanya. Abin da zai ba ku mamaki, a shekarar 1889 mutum kan shiga tarago ɗaya a Paris, ba zai sauya shi ba har Santambul. To me ya haɗa hanyar, me kuma ya tsinka ta?

Wanda ya haɗa ta wani ɗan Beljiyam ne, Georges Nagelmackers. Ya je Amurka ya ga taragon Pullman masu gadon kwana a ciki, ya dawo Turai ya tarar kowace ƙasa da kamfanoninta na dogo. Fasinja ya zo iyaka sai ya sauko da kayansa, 'yan kwastan su zazzage, ya zauna jiran wani jirgin. Shi wannan bawan Allah bai shimfiɗa dogo ko taku ɗaya ba, bai kuma sayi kan jirgi ba. Tarago kawai gare shi. Sai ya riƙa bin kamfanonin ɗaya bayan ɗaya yana ƙulla magana da su: ku ja mini taragona a layinku har iyaka, na gaba ya karɓa, kuɗin tafiya naku, kuɗin gado da abinci nawa. Duk wanda ya san kara ya san irin wannan mutum. Ba shi da ko maraƙi a garken, amma ba a ciniki sai da shi.

Ran 4 ga Oktoba 1883 aka yi bikin tashin jirgin da duniya ta sani da Orient Express. Ya bar Paris, ya bi ta Munik da Viyana da Budafes da Bukares, ya tsaya a Giurgiu, bakin kogin Danub, don ba gada. Nan fasinjoji suka haye a jirgin fito, suka hau wani jirgin ƙasa zuwa Varna, daga can jirgin ruwa ya ɗauke su ta Bahar Aswad zuwa Santambul. Sai a 1889, bayan an gama layin da ya ratsa Belgired da Sofiya, tarago ya fara tafiya kai tsaye, kwana uku a hanya.

Nan akwai wani abu da ya kamata mu ɗan tsaya a kai, don ya shafe mu. Tarago ba ya ƙetare iyaka sai in faɗin dogon ƙasashen biyu ɗaya ne. Daga Paris har Santambul tazarar da ke tsakanin ƙarafunan dogo milimita 1,435 ce, kuma tun 1886 Jamus da Faransa da Italiya da Suwizalan da daular Ostiriya suka zauna a birnin Bern suka daidaita ma'auninsu. Rasha kuwa nata ya fi faɗi, 1,520 ne a yau, na Sifen 1,668. Shi ya sa a garin Brest, kan iyakar Polan da Belarus, a da akan ɗaga tarago sama da fasinja a ciki, a cire masa ƙafafu a saka wasu. To ku duba namu. Tsohon dogon Najeriya 1,067 ne, na Benin da Kamaru mita ɗaya cif. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, daga nan ya ja birki. Don gyaɗa da auduga da fata aka yi shi, su gangara teku, ba don Bakatsine ya ziyarci ɗan'uwansa a Maraɗi ba. Shanun da ake lodawa a jirgi a Gaundare ma kudancin Kamaru suke nufa. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, shi ne aka tsara a kan 1,435, kuma da niyyar ƙetare iyaka.

Mu koma Turai. Ƙarfe ya daidaita, amma siyasa ba ta daidaita ba. Yaƙin duniya na farko ya tsayar da jirgin a 1914. Da aka gama, waɗanda suka ci yaƙin suka ce ba za su bi ta Jamus da Ostiriya ba, sai aka karkata hanyar a 1919 ta ramin Simplon da aka fasa a ƙarƙashin duwatsun Suwizalan, tsawonsa kusan kilomita 20, ta faɗa Milan da Benis, ta wuce Belgired. Wannan yaƙin ne kuma ya ɗora wa matafiya fasfo. Kafin 1914, a yawancin yammacin Turai ba a cika tambayar mutum takarda a iyaka ba. An kawo binciken ne wai don yaƙi, amma a 1920 aka yi taro a Paris aka tsara fasfo ya zama ɗan littafi irin wanda ke aljihunku yanzu. Ku da kuka ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 har Disamban 2020, ba sai na gaya muku yadda abin da aka ce na ɗan lokaci ne yake daɗewa ba.

Bayan yaƙi na biyu Turai ta rabu gida biyu, bincike ya yi tsanani a iyakokin ƙasashen gurguzu, masu kuɗi suka koma jirgin sama. Waɗanda suka rage a jirgin su ne leburori 'yan ci-rani da ɗalibai, kowa da guzurinsa, don a ƙarshe ko taragon abinci ba a haɗawa. A watan Mayun 1977 tarago na ƙarshe ya tashi daga Paris zuwa Santambul kai tsaye.

To, Alhaji, in yau ka ce sai ka yi wannan tafiya, kada ka fara da lissafin kilomita, fara da lissafin iyaka. Jirgin dare kan tashi daga tashar Halkalı a gefen Santambul ya nufi Sofiya. Cikin tsakar dare za a tashe ka a Kapıkule, iyakar Turkiyya da Bulgeriya, ka sauko da kanka a buga maka hatimi. Daga Sofiya masu tafiyar yau sun fi bi ta Romaniya, su haye Danub a daidai Giurgiu ɗin nan, yanzu a kan gada, su kai Bukares. Daga nan wani jirgin dare zuwa Budafes ko Viyana, sai Jamus, sai Paris.

Bizar Turkiyya ba ta wuce Kapıkule. Gaba da nan sai bizar Shengen, wadda ta samo suna daga wani ƙauye a Luksambur inda aka sa hannu a yarjejeniyar a 1985. Tun ran 1 ga Janairu 2025 Bulgeriya da Romaniya sun shiga tsarin gaba ɗaya, saboda haka biza ɗaya ta isa har Paris, kwana 90 cikin kowane 180. A ƙasar da kake zaune ake nemanta tun kafin ka tashi, a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. In ka ce sai ka bi tsohuwar hanya ta Belgired, ka sani Sabiya ba ta cikin tsarin: ka fita ke nan, kuma dawowa sai da biza mai shiga fiye da sau ɗaya. Landan ma tata daban ce, a tashar Paris ake duba fasfo kafin a hau jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku. Ko a cikin Shengen ɗin kada fasfo ya yi nisa da hannunka, don Jamus ta dawo da bincike a iyakokinta.

Inda rashin dillali irin Nagelmackers ya fi ciwo shi ne tikiti. Da yake guntu-guntu za ka yanka, in jirgin farko ya makara na biyu ya tafi, ba lallai ne kamfani na biyu ya saurare ka ba. A ganina gara mutum ya kwana a Bukares ya biya masauki da ya bar rabin awa tsakanin jirgi da jirgi. Gadon jirgin dare kuma a kama shi da wuri, ko kana riƙe da katin Eurail da ake sayar wa baƙi, don katin bai haɗa da gado ba. In ka shiga Hangari ka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Kuɗi ma suna sauyawa: lira a Turkiyya, leyu a Romaniya, forint a Hangari, sannan yuro.

Sai guzuri, kuma wannan ta makiyaya ce musamman. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga waje, ko da na ci a hanya ne. Kilishi da dambun nama da cuku da man shanu, duk wanda ka ɗauko daga gida ka tabbata ya ƙare kafin jirgi ya bar Kapıkule.